Wace manhaja ce ta dace da tsara aikin masana'anta: ERPNext, Odoo, Business Central, SAP ko Opcenter?

Duk mai masana'antar da ya fita neman manhajar tsara aiki zai tarar kowane dillali yana cewa tasa ita ce mai tsara sarrafa kaya, alhali ayyuka ne daban-daban ake cusawa a ƙarƙashin suna ɗaya. Akwai lissafin ɗanyen kaya, wato sanin abin da za a saya, yawansa, da ranar da ya kamata a yi odarsa domin ya iso kafin a buƙace shi. Akwai haɗa wannan lissafi da sito da saye da sayarwa da littafin akanta, ta yadda buhun da ya fita daga sito zai bayyana a lissafin kuɗi ba tare da an sake rubuta shi ba. Sannan akwai jera ayyuka a kan injuna awa bayan awa, a san wane aiki ne zai hau wane inji, bayan wane, da wane ma'aikaci. Manhajar da ta ƙware a ɗaya tana iya zama mai rauni a ɗayan, kuma yawancin asarar da ake yi wajen sayen irin waɗannan manhajoji tana farawa ne daga biyan kuɗin wani aikin alhali wani ne yake damun masana'antar.

Lissafin ɗanyen kaya shi ne mafi daɗewa, kuma ana kiransa MRP. Wani injiniyan kamfanin IBM mai suna Joseph Orlicky ne ya shimfiɗa ƙa'idojinsa a shekarun 1960, ya kuma tattara su a littafi a 1975. Hanyar ba ta da wuyar fahimta: a ɗauki odar da ake da ita, a duba jerin abubuwan da ke shiga kowane kaya, a cire abin da ke sito, sannan a ja da baya daga ranar miƙa kaya gwargwadon kwanakin da kowane abu yake ɗauka. A farkon shekarun 1980 Oliver Wight ya faɗaɗa tsarin ya shigo da injuna da ma'aikata da kuɗi, aka kira shi MRP II, sai kuma kamfanin bincike na Gartner ya fito da sunan ERP a 1990 domin manhajar da ta haɗa dukkan sassan kamfani. Sai dai akwai wani rauni da ya biyo wannan zuri'a tun daga tushe har yau, wato lissafin MRP yana ɗauka cewa inji ba ya cika, duk aikin da aka ɗora masa a rana ɗaya zai ɗauka.

Misali zai fito da girman wannan rauni. A ɗauka wata masana'antar roba tana da inji ɗaya da ke fitar da bokiti a kowane daƙiƙa 30, wato bokiti 120 a awa, kuma injin yana aiki awa 20 a rana. Sai ga oda uku, duka za a ɗauka ranar Alhamis da dare: farin bokiti 6,000, ja 3,600, baƙi 2,400. Na farko yana buƙatar awa 50, na biyu 30, na uku 20. Lissafin MRP zai duba kowace oda ita kaɗai, ya ce a fara fari ranar Talata da rana, ja ranar Laraba da rana, baƙi kuma ranar Alhamis da safe, ya nuna cewa komai zai kammala a kan lokaci. A zahiri kuwa aikin awa 100 ne a kan inji ɗaya, kwana biyar cur, kuma in ba a fara ranar Lahadi da safe ba to wani abokin ciniki zai koma da motarsa babu kaya. Bayan wannan akwai batun jeri. Idan aka fara da fari aka bi da ja aka ƙare da baƙi, wankin injin tsakanin launi da launi ba shi da yawa, amma idan aka yi baƙi sannan aka koma fari, sai an daɗe ana zubar da bokitai masu dabbare-dabbare kafin farin ya fito tas. Manhajojin da ake kira APS an gina su ne domin waɗannan matsaloli biyu, iyakar abin da inji zai iya ɗauka da kuma jerin da zai rage ɓata lokaci.

Kafin a shiga sunayen kamfanoni ya kamata a ba Excel haƙƙinsa, domin shi ne manhajar tsara aiki da ta fi kowace yaɗuwa, har a masana'antun da suka kashe maƙudan kuɗi a kan ERP. Ba ya buƙatar intanet, kusan kowane akawu ya iya shi, kuma mai tsara aikin da ya san injunansa yana iya shirya jadawalin mako guda a cikinsa wanda zai fi na manhaja mai tsada da aka ciyar da bayanan ƙarya. Masana'anta mai layi ɗaya ko biyu da kayayyaki ƙasa da ashirin ba ta da dalilin gaggawar barinsa. Matsalarsa tana bayyana ne idan aiki ya yi yawa: kowane sashe yana da nasa fayil, adadin da ke fayil ɗin sito ba ya daidai da na mai sayayya, kuma ranar da inji ya lalace sai an sake jera komai da hannu. Mafi muni shi ne ilimin gaba ɗaya yana kan mutum ɗaya, wanda in ya yi tafiya ko ya bar aiki babu mai iya warware abin da ya ƙulla.

Mataki na gaba ga yawancin matsakaitan masana'antu shi ne ɗaya daga cikin manhajoji biyu da tushensu a buɗe yake ga kowa, wato ERPNext da Odoo. ERPNext ta fito daga kamfanin Frappe da ke Mumbai a Indiya, wanda Rushabh Mehta ya kafa a 2008, kuma babban abin da ya bambanta ta shi ne ba a raba ta gida biyu ba. Lissafin kuɗi, sito, saye, sayarwa, sarrafa kaya da duba inganci duk suna cikin abin da ake saukewa kyauta, babu kuɗin lasisi a kan kowane mutum, ko ma'aikata biyar ne ke amfani da ita ko hamsin. Tana tattara ododi ta fitar da shirin sarrafawa, daga shirin ta fitar da takardun aiki da buƙatun sayen ɗanyen kaya, sannan ta ba kowane inji katin aikin da ake rubuta lokacin farawa da na gamawa da adadin da aka samu. Tana duba awannin aikin kowane inji kafin ta ajiye masa aiki, saboda haka ba za ta yi kuskuren bokitan nan gaba ɗaya ba, amma ba ta neman jeri mafi kyau, kuma sake jera ayyuka da yawa bayan inji ya tsaya aiki ne na hannu.

Odoo kuwa ta Beljiyam ce. Fabien Pinckaers ne ya fara ta a 2005 da sunan TinyERP, ta koma OpenERP, sannan ta zama Odoo a 2014. Kashi biyu gare ta, Community ta kyauta da Enterprise da ake biya a kan kowane mai amfani, kuma a nan ne masu saye suke yawan ruɗewa, domin abin da dillali yake nunawa a allo kusan kullum na biya ne. Babban jadawalin da ke hasashen buƙatar watanni masu zuwa, da allon Gantt da ake jan aiki daga wannan inji zuwa wancan, da sashen duba inganci, da cikakken lissafin akanta, duk suna ɓangaren Enterprise. Idan an biya, Odoo ta fi ERPNext daɗin gani da sauƙin koyo, musamman allon da ma'aikaci yake taɓawa a gaban inji. Tana ajiye aiki a gurbi na farko da inji yake da sarari, tana iya tura shi wani injin idan na farko ya cika, tana kuma lissafa lokacin shiri da na wanki. Sai dai wannan lokaci tana ɗaukarsa a matsayin adadi tsayayye, ba ta bambanta komawa daga fari zuwa baƙi da komawa daga baƙi zuwa fari. Akwai kuma batun sabuntawa: kowace shekara sabon fitowa yake zuwa, kamfanin yana ba uku na ƙarshe ne cikakkiyar kulawa, saboda haka duk gyaran da aka sa mai shirya manhaja ya yi na musamman sai an sake duba shi bayan 'yan shekaru, a kuma sake biya.

A ganina zaɓi tsakanin waɗannan biyun ya fi dogara ga yawan masu amfani da kuma wanda zai girka. Masana'antar da take son kowane shugaban layi da kowane mai kula da sito ya riƙa shigar da bayanansa da kansa za ta ga ERPNext ta fi sauƙin ɗauka, tunda ƙarin mutum ba ya ƙara kuɗi. Wadda kuma mutane shida ko bakwai ne kawai za su zauna a gaban kwamfuta, kuma tana son haɗa shagunan sayarwa da dillalai a wuri ɗaya, Odoo Enterprise za ta fi yi mata. Odoo tana sanya farashi daban-daban gwargwadon ƙasa, saboda haka farashin da aka gani na Turai ko Amurka ba shi ne na Afirka ba. Kalmar kyauta kuma kada ta yaudari kowa, domin a dukansu biyun kuɗin girkawa da koyarwa da kulawa shi ne mai yawa, kuma manhajar da babu wanda ya iya gyara ta a kusa tsada gare ta ko da ba a biya ko sisi wajen sauke ta ba.

Akwai ƙananan manhajoji biyu daga ƙasar Istoniya da ake yawan ambata, MRPeasy da Katana, waɗanda a intanet kawai suke aiki kuma ana biyansu wata-wata. MRPeasy tana da jadawalin da yake la'akari da cikar inji, kuma ƙaramar masana'anta tana iya fara aiki da ita cikin makonni. Katana ta fi dacewa da mai sarrafa kaya yana sayarwa ta shagon intanet, tunda an gina ta ne ta haɗu da irin su Shopify ta buɗe shagon intanet da QuickBooks da Xero na lissafin kuɗi, kuma jerin ayyukanta ya fi kama da layin fifiko. Dukansu ba su yi nisa a lissafin haraji da rahoton kuɗi irin na gida ba, don haka akanta zai ci gaba da buƙatar wata manhajar.

Wanda yake son suna babba da wakilai masu yawa zai duba Microsoft Dynamics 365 Business Central ko SAP Business One. Business Central asalinta Navision ce ta ƙasar Denmak, wadda Microsoft ta saya a 2002. Lasisinta iri biyu ne, Essentials da Premium, kuma sashen sarrafa kaya yana cikin Premium ne kaɗai, wanda farashinsa ya kai dala 100 ko sama da haka ga kowane mutum a wata. Ƙarfinta yana wajen lissafin kuɗi da lissafin abin da kowane kaya ya ci, da kuma yadda take tafiya da Excel da Outlook ba tare da wahala ba. Wajen jadawali kuwa, a yadda take zuwa tana ɗauka inji ba ya cika, sai an ware wasu injuna an sanya musu iyaka, kuma ko bayan haka masu aiki da ita sukan sayi ƙarin manhaja domin samun allon jan aiki. SAP Business One ita ma haka take, ko ma fiye: lissafin ɗanyen kayanta mai kyau ne, amma masana'antar da ke son jadawalin injuna na gaske sai ta ɗora mata wani ƙari, irin Beas Manufacturing na kamfanin Boyum IT. Duk wanda aka kawo wa farashin ɗaya daga cikin biyun nan ya tambaya ko an haɗa da kuɗin wannan ƙari, domin sau da yawa ba a ambatarsa sai bayan an sa hannu.

SAP S/4HANA, wadda ta fito a 2015 daga kamfanin da tsofaffin ma'aikatan IBM biyar suka kafa a Jamus a 1972, wani aji ce daban. Tana da sashen PP/DS da ke yin cikakken jadawali mai la'akari da iyakar inji da lokacin canji, kuma SAP ce manyan kamfanonin duniya irin su Nestlé da Unilever suke tafiyar da harkokinsu a kai. Girka ta aiki ne na shekara ko fiye, da tawagar masu ba da shawara da ma'aikatan cikin gida da aka ware don shi kaɗai. Masana'antar da take da wuri ɗaya a Sharaɗa ko Bompai ba ta da abin yi da ita, sai dai in uwar kamfaninta ce ta wajabta.

Wani bambanci da ake yawan tsallakewa shi ne na masana'antar da ke haɗa abubuwa da yawa su zama ɗaya da wadda ke raba abu ɗaya ya zama da yawa. Mai haɗa kujera ko firji yana cikin kashi na farko, kuma dukkan manhajojin da aka ambata an gina su ne da shi a rai. Amma injin casar shinkafa yana karɓar shanshera ya fitar da tsayayyar shinkafa da karyayya da dusa da ɓuntu, matatsar mai tana karɓar gyaɗa ko waken suya ta fitar da mai da tunkuza, majema kuma tana karɓar fata ta fitar da daraja-daraja waɗanda ba a sanin yawan kowace sai bayan an gama. A irin wannan aiki adadin da ke fitowa yana canzawa da danshin hatsi da ingancinsa, kuma dole a raba kuɗin da aka kashe tsakanin abubuwan da suka fito. Odoo tana karɓar kayan da ke fitowa a gefe, tana kuma ba da damar raba musu kaso na kuɗi. Business Central ba ta da wannan a tsarinta na asali sai da dabara ko ƙari, yayin da babbar yayarta Dynamics 365 Supply Chain Management da Sage X3 da S/4HANA suke da sassan da aka yi don irin wannan sarrafawa. Masu abinci da abin sha da magani kuma su tabbatar manhajar tana bin lambar kowane zubi da ranar lalacewarsa tun daga ɗanyen kaya har hannun dillali, domin ranar da NAFDAC ta nemi a janye wani kaya daga kasuwa wannan ne zai nuna inda ya tafi.

Manhajojin APS ba sa maye gurbin ERP, a kanta ake ɗora su. Suna karɓar ododi da adadin sito da hanyoyin aiki daga gare ta, su jera, su mayar mata da ranakun farawa da gamawa. Opcenter APS ta Siemens asalinta Preactor ce ta Ingila, wadda Siemens ya saya a 2013, kuma tana zuwa mataki-mataki, daga mai sauƙi zuwa wanda ake rubuta masa ƙa'idoji na musamman. Asprova ta Japan, wadda ta fito a 1994, an san ta da saurin lissafi a masana'antun da ke da dubban ayyuka, kamar masu ƙera kayan mota da na lantarki, sai dai koyonta yana buƙatar haƙuri. PlanetTogether ta Amurka ta yi suna wajen haɗuwa da manhajojin ERP irin su SAP da Dynamics da NetSuite, da kuma gwada jadawali biyu ko uku gefe da gefe kafin a zaɓi ɗaya. Dassault Systèmes ta Faransa tana da Ortems da Quintiq a ƙarƙashin sunan DELMIA, na biyun domin manyan matsaloli irin na kamfanonin ƙarfe da sufuri. Abin da duka suke yi wanda ERP ba ta yi shi ne riƙe teburin lokacin canji daga kowane kaya zuwa kowane kaya, da lura da cewa aiki yana buƙatar inji da mazubin ƙarfe da ƙwararren ma'aikaci a lokaci guda. Idan injuna huɗu ne za su iya yin bokiti amma mazubinsa ɗaya ne, APS ba za ta taɓa sa aikin bokiti biyu a awa ɗaya ba. Idan kuma inji ya tsaya da tsakar rana, cikin mintuna za ta sake jeri ta nuna ododin da za su makara. Ga mai Odoo da yake son ɗanɗana wannan ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba, akwai frePPLe, ita ma ta Beljiyam, wadda take da kashi na kyauta da kuma mahaɗi da Odoo.

Duk da haka ba na ganin ya dace masana'anta ta fara da APS. Jadawalin da take fitarwa daidai yake da bayanan da aka ba ta, kuma idan an rubuta cewa bokiti yana ɗaukar daƙiƙa 30 alhali tsohon injin yana ɗaukar 38, ko sito ya nuna akwai buhu 200 na ƙwayar roba alhali 140 ne, to kyakkyawan allo ne kawai za a samu wanda shugabannin layi za su daina kallo bayan mako biyu. Eliyahu Goldratt, wanda shi ma da manhajar jadawali ya fara kafin ya shahara a 1984 da koyarwarsa game da maƙurar aiki, wato wurin da aiki yake cunkushewa, ya nuna cewa inji ɗaya ko biyu ne suke iyakance abin da masana'anta take fitarwa, kuma awa ɗaya da aka rasa a wurin an rasa ta ne a masana'antar gaba ɗaya. Wanda ya gano wannan inji ya jera aikinsa da kyau, ko da a Excel ne, ya ci rabin ribar da APS za ta ba shi. Lokacin sayenta yana zuwa ne idan maƙurar tana yawo daga wannan inji zuwa wancan gwargwadon ododin mako, ko kuma canjin launi da mazubi ya fara cin wani babban kaso na awannin aiki.

Ga masana'antun Najeriya akwai ma'aunan da ba a samu a takardun talla na waɗannan kamfanoni, kuma na farko shi ne wuta. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A daga kimanin naira 68 zuwa 225 a kan kowane kilowat na awa, bisa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, dizal kuma ya fi haka tsada nesa ba kusa ba. Wannan ya sa tambayar wane inji ne zai yi aiki a kan janareta, wane ne kuma zai jira wutar KEDCO, ta zama tambayar jadawali. A ERPNext da Odoo da Business Central abin da za a iya yi shi ne gyara kalandar aikin kowane inji da hannu. A Opcenter da takwarorinta ana iya shigar da ƙarfin janareta a matsayin abin da injuna suke rabawa, ta yadda manhajar ba za ta kunna manyan injuna uku tare ba idan janaretan biyu kawai zai ɗauka. Masana'antar da kuɗin makamashi ya zama babban kasonta tana iya samun dalilin sayen APS daga wannan kaɗai.

Sai intanet da canjin kuɗi, waɗanda suke tafiya tare. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanoni da dama suka shiga wahala na kwanaki. Manhajar da take zaune a intanet kaɗai, kamar NetSuite ta Oracle ko MRPeasy ko Katana, tana tsayawa a irin wannan rana, yayin da ERPNext da Odoo da Business One ake iya girka su a kwamfutar da ke cikin masana'anta, in dai akwai batir da mai kula da ita da kuma kwafin bayanai da ake ajiyewa a wani wuri kullum. Game da kuɗi, dalar da take kimanin naira 460 a farashin hukuma a farkon watan Yuni na 2023 ta haura 1,500 a 2024, saboda haka lasisin mutum goma a kan dala 100 ya tashi daga naira 460,000 zuwa sama da miliyan ɗaya da rabi a wata ba tare da mai manhajar ya ƙara ko kwabo ba. Duk lissafin da za a yi a yi shi na shekara biyar, a haɗa lasisi da girkawa da koyarwa da sabuntawa, a kuma ware abin da za a biya da dala daga abin da za a biya da naira.

Kwanakin isowar kaya ma suna buƙatar kulawa, domin MRP adadi ɗaya take karɓa ta riƙe shi. Kwantenar da za ta fito daga Apapa ta bi hanyar kimanin kilomita 1,000 zuwa Kano ba ta da tsayayyen lokaci, don haka gara a shigar da kwanakin da aka saba gani a lokacin tsanani, a kuma ajiye rarar kayan da ba a samu a gida. Hasashen ciniki shi ma yana da tarko: manhajojin nan suna kwatanta wata da takwaransa na bara a kalandar Miladiyya, alhali azumi da sallah suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, saboda haka mai lemo ko taliya ko sukari dole ya gyara hasashen da hannu. Masana'antar da ke Maraɗi ko Yamai kuma tana da ƙarin sharaɗi, wato Faransanci da tsarin lissafin SYSCOHADA, wanda Odoo take zuwa da shi kuma wakilan Sage na yankin suka daɗe suna aiki da shi.

Idan aka tattara, ƙaramar masana'anta mai layi ɗaya ta zauna da Excel ta gyara lissafin sitonta. Matsakaiciya wadda matsalarta ita ce yankewar ɗanyen kaya da rashin sanin abin da kaya ya ci ta ɗauki ERPNext ko Odoo, ko Business Central idan tana da masu zuba jari ko banki da ke neman rahoto mai tsauri kuma tana iya ɗaukar nauyin dala. Mai casa ko tatsa ko jima ya fara tambayarsa daga yadda manhaja take raba kuɗi tsakanin abubuwan da suka fito. Wadda ta riga ta yi shekara tana aiki da ERP, adadin sitonta yana daidai da ƙirga, amma har yanzu ododi suna makara saboda cunkoso a kan injuna, ita ce ta isa duba Opcenter ko Asprova ko PlanetTogether.

Kafin a biya kowa, a hana dillali nuna misalinsa na talla, a ba shi ainihin ododin mako guda da jerin injuna da lokutan canji, a ce ya fitar da jadawali a gaban mai tsara aiki da shugaban layi. Daga nan a ce masa babban inji ya tsaya na awa shida ranar Talata, an kuma kawo odar gaggawa daga babban abokin ciniki, a ga minti nawa zai ɗauka ya sake jeri da kuma wace oda manhajar za ta ce ta makara. A nemi ya sada masu saye da wata masana'anta mai irin wannan aiki da ya girka wa manhajar aƙalla shekara guda da ta wuce, a je a gani ko ma'aikatanta suna amfani da ita ko sun koma takarda. A cikin yarjejeniya kuma a rubuta cewa bayanan na masana'anta ne, za ta iya fitar da su gaba ɗaya duk ranar da ta so, a kuma raba biyan kuɗin girkawa kashi-kashi, kashin ƙarshe ya kasance bayan an yi wata guda cur ana fitar da takardun aiki daga manhajar kaɗai.